Tsarabar da Na Kawo wa Inna daga Abzin

Shekarata ta biyu ke nan ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko ta garinmu, Gaya, sa'ad da takarda ta zo daga Doso cewa ina cikin malamai goma sha biyu da za a kai Abzin su ga duwatsun da suka taɓa yin aman wuta. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, manyanmu kuwa sun ƙudura cewa malamin da zai koya wa yara labarin ƙasarsu ya kamata ya taɓa ganin ƙasar da idonsa. Ni dai abin da ya fi burge ni a takardar shi ne sunana. Na karanta wa Inna ita da Faransanci, alhali ko kalma ɗaya ba ta ji, sannan na fassara mata har da ƙari.

A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Ina da wandon kaki biyu, da takalmi mai igiya, da alƙalamin da nake maƙalawa a aljihun gaba ko da babu tawada a cikinsa. Dattawan da suka ci goron sunana sun koma kirana Mushe, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal da Faransanci, ni kuwa ina amsawa ba tare da na ji wani nauyi ba. Darasin dutse mai aman wuta yana cikin waɗanda na fi so, domin a ajin babu mai iya musa mini. Sai in zana tsauni a allo, in yi masa hayaƙi da alli, in ce wuta ce ke fitowa daga cikin ƙasa. Da wani ya tambaye ni ko na taɓa gani, sai in haɗe rai in ce a juya shafi.

Motar da aka ɗauka haya ta garinmu ce, kamiyon wani Alhaji mai motoci uku da ke jigilar kayan gwamnati daga Faraku ta ƙasar Dahome zuwa Yamai. Direbanta aminin marigayi mahaifina ne. Tare suka yi fataucin gishirin Foga a kan jakuna kafin shi ya koyi tuƙi, kuma tun ina rarrafe Baba nake ce masa. Mutum ne marar yawan magana, gajere, mai kaurin hannu. A gari irin namu na bakin iyaka, direba da sunansa yake ci. Mata kan ba Baba saƙon ƴaƴansu da ke Yamai ba tare da sun ɗaure bakin ƙullin sosai ba, ƴan kasuwa kuma ba sa tsayawa ƙirga buhu in shi ya ɗauko. Saboda wannan ne Alhaji ya ba shi aikin gwamnati, wanda duk direbobin tasha ke kwaɗayi.

Ranar tafiya Inna ta cika mini akwatin ƙarfe da soyayyen kifi da ƙuli-ƙuli, ta zauna bakin ƙofar ɗakinta tana goge dugaduganta da tsingaron tukunya. Kullum haka take yi. Ƙuruciyarta duk a fadamar gishiri ta Bengu ta ƙare, gishirin ya tsattsage mata ƙafa, har ta tsufa faso bai bar ta ba.

Ta ce, "Kowa ya tahi Faraku sai ya kawo ma uwa tai atamfa. Kai ko za ka inda ba wanda ya taɓa zuwa cikin danginmu. Kada ka dawo min hannu rabbana, mata su yi min dariya."

Na ce mata a can ba kasuwa za mu ba, karatu za mu. Ta ce karatu bai hana tsaraba. Da Baba ya shigo ɗaukar akwatin, ta ce masa, "Ga ɗanka nan, na ba ka amana." Ya ce, "Na karɓa," ya saɓa akwatin a kafaɗa ya fita.

Kwana shida muka yi a hanya, ta Doso da Ƙonni da Tawa har Agadas. Mu malamai muna baya a kan benci, muna gardama da Faransanci a kan abubuwan da ba mu sani ba. A gaba, kusa da Baba, akwai shugaban tafiyar, wani babban mai duba makarantu da ba ya son ƙura ta taɓa masa riga, da wani Anasara masanin duwatsu wanda shi zai yi mana bayani. Duk inda aka yada zango sai Baba ya nemo ni ya miƙo mini shayi, yana cewa, "Ungo, ɗan gidanmu." Sauran malamai suka tsiri kirana ɗan direba. Abin ya riƙa yi mini ciwo, har na fara zama can nesa da mota in an tsaya.

Daga Agadas muka yi kwana biyu muna hawa cikin kwazazzabai. A ƙasarmu na saba da jar marmara da tudun bakin kogi, na kuma ɗauka na san dutse. Can na ga ban san kome ba. Muka iske fili baƙi ƙirin, iya ganin ido, ba ciyawa ba itace, duwatsu sun zube a kansa kamar gawayin maƙera. Anasaran ya ce wannan duk narkakken dutse ne da ya kwararo tun babu ɗan Adam a wurin, ya bi kwari kamar yadda ruwa ke bi, ya daskare. Ya nuna mana inda kwararar ta tsaya cak, daidai bakin wata garka mai dabino da alkama. Ya kai mu gindin wani bango inda duwatsu suke tsaye jere da juna, dogaye, kowanne da kusurwa biyar ko shida, ya ce sanyi ne ya tsaga su haka ba hannun mutum ba. Na shafa su da tafin hannuna. Na tuna ɗan tsaunin da nake zanawa a allo da hayaƙinsa na alli, na ji kunya ta kama ni, amma kunya mai daɗi, irin ta wanda ya ƙaru.

Tsaunin da muka zo dominsa yana tsakiyar filin, shi kaɗai, kansa a yanke. Mutanen kwarin sun daɗe suna tsaron sa tun kakanninsu, gwamnati kuma ta zo daga baya ta kafa allo a gindinsa, ta naɗa wani dattijonsu mai gadi. Buzu ne dogo, ba ka ganin kome a fuskarsa sai idanu. Da Hausa ya yi mana magana, a hankali, don kada wani ya ce bai ji ba.

Ya ce, "Ku hau, ku duba, ku yi salla in kuna so. Amma ba a ɗaukar kome daga dutsen ga. Ba itace, ba tsakuwa. Abin da kunka iske, ku bar shi inda kunka iske shi."

Har Anasaran ma da ke yawo da ƴar gudumarsa sai da ya nemi izni, aka ce ya fasa na can ƙasa cikin kwari, ban da na sama.

Baba ya tsaya gadin mota, mu muka hau bayan azahar. Hawan da wuya, ƙasa na zamewa ƙarƙashin takalmi. A sama muka iske rami mai faɗi kamar ƙatuwar ƙwarya, wai ta nan wutar ke fita. Anasaran ya ɗauki duwatsu biyu ya ba mu muka riƙa miƙa wa juna. Ɗaya nauyi kamar ƙarfe, ɗaya kuwa sakayau, duk jikinsa ƙananan ƙofofi kamar soso. Ya ce kumfa ce ta daskare. Sai ya goga shi a tafin hannunsa, ya yi dariya ya ce a ƙasarsu irin wannan ake sayarwa don goge kaushin ƙafa, babu abin da ya kai shi. Ya mai da su inda ya ɗauko. Ni kuwa daga nan ban ƙara jin sauran bayanin ba, dugadugan Inna kawai nake gani.

A bakin ramin, ta gabas, akwai masallaci marar bango. Jeren duwatsu ne kawai aka shata a ƙasa, da ɗan lanƙwasa a wajen alƙibla. Mai gadin ya ce wani malami cikin kakanninsu ya yi zaman ibada a nan, kuma tun daga lokacin kowane gida na kwarin yana da dutsensa a jeren. Na alƙiblar su ne zaɓaɓɓu. Jajaye ne, kewayayyu, kowanne daidai cikin hannu, irin marasa nauyin nan da Anasara ya nuna.

Da aka fara sauka sai na ce igiyar takalmina ta kwance, na tsaya baya. Tsaunin cike yake da irin dutsen nan, da na sunkuya ko'ina zan samu. Amma na zube a ƙasa masu kaifi ne, marasa fasali, ni kuwa tsaraba nake nema wadda ba za a raina ba. Na tsuguna gaban alƙiblar ina ɗagawa ina ajiyewa kamar mai zaɓen albasa a kasuwa. Na ɗauki uku. Na ce wa kaina dutse ne, gobe za su tsinci wasu su cike gurbin, kuma dokar dattijon ai don jahilai aka yi ta, ba don wanda ya san yadda dutsen ya samu ba. Na tura su cikin jakar littafina na bi sahu. A hanyar sauka muka yi kiciɓis da Baba yana hawa shi kaɗai da butarsa, ya ce ya ji akwai masallaci a sama, zai yi la'asar a can. Kowa ya gan shi.

Da safe mai gadin ya zo zangonmu tare da mutum biyu. Aka miƙa masa shayi ya ƙi karɓa. Ya ce duwatsu uku sun ɓace daga alƙibla, ya kuma faɗi gidajen da suke da su ɗaya bayan ɗaya. Ashe ya san kowanne.

Shugaban tafiya bai ko dube mu ba, kai tsaye ya juya wajen Baba. Baba ne ya hau shi kaɗai. Ban da haka, duk tsawon hanya mun ga halin direba: ko'ina aka tsaya a gangare sai ya tsinci dutse ya tokare ƙafar mota, har yana da biyu da yake yawo da su ƙarƙashin kujera. A wurin shugaban magana ta ƙare, direba ya ga dutse ya ɗauka kamar yadda ya saba. Aka sa Baba ya buɗe akwatin kayan gyara. Aka zazzage buhunsa a kan rairayi, rigarsa ta salla da tabarma da ƙullin cuku da dabinon da ya saya wa matarsa a Agadas. Mai gadin ya ce adalci shi ne a buɗe na kowa. Shugaban ya ce waɗannan malaman makaranta ne, ma'aikatan gwamnati, ba za a tozarta su ba. Akwatina na nan a gefe, duwatsun na ciki nannaɗe da singileti tun daren jiya, ina tsaye na jingina da shi.

Baba ya ce, "Ban ɗauka ba." Sau ɗaya ya faɗa. Sannan ya waiwayo ya dube ni. Babu zargi ko kaɗan a idonsa, taimako yake nema.

Ya ce, "Mushe, kai ka san ni. Hwaɗa mishi da harshen da yaka ji."

Na matsa gaba na yi magana da Faransanci. Na ce na san mutumin nan tun ina yaro, ba a taɓa kama shi da sata ba. Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma na ga shugaban na kallona, na ji tsoron kada hankalinsa ya koma kan akwatuna, sai na ƙara da cewa irin waɗannan mutane ba su san darajar abin tarihi ba, wataƙila ya ɗauka ba da mugun nufi ba, da ya ga abin ya zama magana ya jefar. Shugaban ya gyaɗa kai, ya ce abin da shi ma yake zato ke nan. Baba ba ya jin Faransanci, bai gane ko ɗaya ba. Da aka watse ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗan gidanmu."

Mai gadin ya ce mu bar kwarin kafin rana ta take. Sauran wuraren da aka shirya kai mu ba mu gan su ba. Shugaban ya zauna a inuwar mota ya rubuta takarda zuwa ga Alhaji mai kamiyo, ya liƙe ta, ya ce shi da kansa zai aika daga Doso.

Duk tsawon komawa ina shirin yar da duwatsun, amma akwatunan na can sama an ɗaure su da igiya, Baba ne ke ɗaurewa shi ke kwancewa. Na yanke shawara in mun isa gida zan tafi kan gada in jefa su cikin kogi, shi ke nan kowa ya huta. Haka na riƙa lallashin kaina, kamar in duwatsun sun nutse takardar ma za ta nutse tare da su.

Mun shiga Gaya da azahar. Baba ya saɓo akwatina har tsakar gida, ya dire gaban Inna ya ce, "Ga amanarki nan, lahiya lau." Na yi wanka na fita gaida shugaban lakwal ɗinmu, na daɗe ina ba shi labarin narkakken dutse. Abin da na manta shi ne a gidanmu akwatin matafiyi ba nasa ba ne. Da ya sauka uwa ke buɗewa, ita ke fid da tsaraba ta raba tun kafin maƙwabta su fara leƙowa. Ko da na dawo na iske Inna zaune da ƙwaryar ruwa, ƙafarta ɗaya a jiƙe, tana goga jan dutsen nan a dugadugi tana murmushi.

Ta ce, "Ashe ka tuna da ƙahwahuna! Dubi yadda shika cin kaushi. Wanga ba tsingaro ba ne."

Na tambayi sauran biyun. Ta ce ɗaya ta ba masu jakunan Bengu su kai wa ƙanwarta. Babban kuwa, wanda ya fi kyau, ta aika wa matar Baba.

Ta ce, "Mutum ya kai min ɗa bangon duniya ya maido shi lahiya, in ci tsaraba ni kaɗai? Ai nata ya kamata shi hi nawa."

Gidan Baba ba nisa, da na ruga a lokacin da na karɓo shi kafin kowa ya gani. Amma ba a karɓar tsaraba bayan an bayar, sai an faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da ba na so in faɗa. Inna ta ajiye mini tuwo da miyar kifi, na zauna na ci.

Baba bai gaya wa matarsa abin da ya faru a Abzin ba, ba halinsa ba ne kai maganar hanya gida. Ita kuwa ta ji daɗin kyautar, ta tafi da ita bakin kogi inda mata ke wanki, ta ara wa wannan ta ara wa waccan, tana cewa dutsen Abzin ne. A cikin kwanakin nan takardar shugaba ta iso hannun Alhaji, aka karanta masa, ya karɓi makullin mota daga hannun Baba ya ce sai an ga yadda za a yi. Da farko direbobin tasha sun ce ƙarya ce, ba Baba ba. Sai labarin bakin kogi ya iso tasha. An ga dutsen a gidansa. Matar ta ce Inna ce ta aiko mata, amma maza suka ce me kuma za ta ce. Inna ba ta fita, maganar tasha kuma ba ta shiga gidanmu, saboda haka ba ta san kome ba. Ni na sani, domin kullum ta gaban tasha nake wucewa zuwa lakwal, ina ganin Baba zaune kan benci hannu biyu a cinya, wani na tuƙa motarsa. Na canja hanya.

Bayan kamar kwana goma ya zo gidanmu da sassafe. Ya durƙusa ya gaida Inna, gaisuwa mai tsawo, ya yi mata godiyar tsaraba. Ta miƙe ƙafa ta nuna masa yadda fason ya fara rufewa, ya ce madalla. Sannan ya ce yana da magana da Mushe, muka fito zaure. Ya ciro dutsen daga aljihu, ya nannaɗe shi da farin ƙyalle mai tsabta, bai buɗe ba ya ajiye a tsakaninmu.

Na fara magana, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ban zo jin dalili ba. Innarka ba ta sani ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba. Gobe bayan la'asar Alhaji na zama rumfar tasha. Ka zo ka hwaɗi abin da anka yi, da Hausa, gaban mutane. Shi ke nan abin da nika so."

Na ce zan zo. Ya ce to, ya tashi ya tafi, bai ba ni hannu ba.

Na je. Wannan ita kaɗai ce gaskiyar da zan iya faɗa don kare kaina, na je. Amma na sa wandona mafi kyau, na maƙala alƙalami, dutsen kuma na bar shi ƙarƙashin gado. Ban gaya wa Inna ba, alhali kalma ɗaya daga bakinta, ta aiko ko ta hannun wani dattijo, da ta wadatar. Rumfar cike take. Alhaji na kan kujera, direbobi da ƴan kamasho na kan benci, Baba na can ƙarshe. Da suka gan ni aka tashi aka ba ni wuri, ana "Sannu da zuwa, Mushe."

Na iya magana, aikina ke nan. Na fara da amincin Baba da mahaifina, da fataucin gishiri, da yadda ya riƙe ni a hanya kamar ɗan cikinsa. Na yi bayanin tsaunin da masallacin. Na ja maganar, ina kewaye-kewaye, ina jinkirta wurin da ke da zafi. Kafin in iso inda na ce, "Ni na ɗauki duwatsun," duk wanda ke rumfar ya riga ya fahimci cewa roƙo na zo yi. Na kuma faɗe ta a hankali, kaina a sunkuye, kamar mai neman alfarma.

Alhaji ya yi murmushi. Ya ce, "Mun ji, Mushe, mun kuma gane. Ɗan halak ke nan. Ka ga aminin ubanka cikin kunya ka zo ka ɗauke mishi ita ka aza ma kanka. Allah shi ba mu ɗiya irinka."

Rumfa ta ɗauki amin. Wani ya ce karatu bai ɓata yaron nan ba. Na ce a'a, da gaske nake, amma muryata ko ni ban yarda da ita ba.

Alhaji ya ce, "To in kai ne, gidan wa anka ga dutsen?"

Sai Baba ya miƙe. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

Ya ce, "Ka rantse musu, Mushe."

A garinmu ba a wasa da rantsuwa a gaban jama'a, da na yi ta babu wanda zai ƙara musu. Na buɗe baki. Alhaji ya riga ni, ya juya wajen Baba a fusace.

Ya ce, "Haba! Ba ta ishe ka ba? Yaro ya zo rufa maka asiri, kai kuma kana son ka sa shi rantsuwa kan ƙarya? Ka ji tsoron Allah."

Duk wannan bai hana ni ba. Da na ɗaga murya a kan ta Alhaji da an ji. Amma na dubi fuskokin da ke rumfar, manyan mutane, sa'o'in mahaifina, suna kallona da girmamawar da ban taɓa samu ba ko a cikin aji. Na san in na furta kalmar nan, a take zan koma malamin da ya saci dutsen masallaci ya bar dattijo da laifi, kuma gobe ƴaƴansu ne za su zauna gabana. Na rufe bakina. Baba ya tsaya yana jirana, ya daɗe, har aka fara ce masa ya zauna. Alhaji ya ciro goro fari daga aljihu ya miƙo mini, na sa hannu biyu na karɓa.

Ba a mayar wa Baba makulli ba. Kafin damina ya ƙetare gada ya shiga Dahome, ya samu motar ɗaukar auduga a wurin mutanen da ba su san labarinsa ba, daga baya ya aiko aka kai masa iyalinsa. Duk babbar salla yakan zo, ya shiga ya gaida Inna, in mun haɗu a zaure ya ce, "Mushe, an wuni lahiya?" ya wuce. Bai ƙara ce mini ɗan gidanmu ba, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba. A can Dahome ya rasu. Ni kuwa shekara da shekaru in ana son a kwatanta wa matasa ladabi a tashar Gaya, labarina ake bayarwa, na sha ji da kunnena, kuma ban taɓa gyara wa mai bayarwa ba.

Tun daga ranar rumfar nan na yi rantsuwa ba iyaka a kan abubuwan banza, a kan farashin rago, a kan wanda ya riga wani zuwa, a kan ko an yi ruwa jiya. Tana fita daga bakina ba wuya. Yau da na tsufa ga wadda aka roƙe ni nan, na rubuta ta da Hausa kamar yadda ya ce. Wallahi tallahi ni na ɗauki duwatsun nan uku, Baba bai taɓa su ba. Cikin mutanen da suka zauna a rumfar nan babu ko ɗaya da ya rage da zai ji.